Idon Karatu Daban, Idon Tafiya Daban: Sharhi Kan Tsufa, Gani da Zirga-zirga

Abu ne da ke yawan faruwa a ɗakunan gwajin ido. Dattijo mai shekara 70 ya zauna, a nuna masa allon haruffa, ya karanta har layin da ake sa ran mai lafiyar ido ya kai, a sallame shi da albishir cewa ganinsa lafiya ƙalau, sa'annan da yammacin wannan rana ya yi tuntuɓe da matakalar da ya shekara 20 yana hawa yana sauka. Mai gwajin bai yi ƙarya ba, kuma dattijon da ya ce idonsa ne ya yaudare shi, shi ma gaskiya ya faɗa. Abin da ya raba maganganun biyu shi ne, ganin da ake karatu da shi da ganin da ake tafiya da shi ba abu ɗaya ba ne, kuma tsufa ba ya cin su a lokaci guda ko ta hanya guda. Mafi yawan binciken da masana suka yi a kan wannan batu cikin shekaru 40 da suka wuce, in an tace shi, ƙoƙari ne na gano wane sashe na gani ne ƙafa ke dogara da shi.

Allon haruffan nan da kowa ya sani, wanda ke da babban harafi a sama da ƙanana a ƙasa, wani likitan ido ne mai suna Herman Snellen ya ƙirƙiro shi a birnin Utrecht na ƙasar Holan a shekarar 1862. Yana da amfani ƙwarai, kuma sauƙinsa ne ya sa ya daɗe. Amma a dubi yanayin da ake gwaji da shi: haruffa baƙaƙe wuluk a kan farin allo, ɗaki mai wadataccen haske, mutum a zaune ba ya motsi, yana kallon gaba sak, ba mai hanzarta shi. Abin da ake aunawa a nan kaifin tsakiyar gani ne kawai, wato wani ɗan yanki da faɗinsa bai wuce na farcen babban yatsa ba idan mutum ya miƙe hannunsa ya kalle shi. Mai tafiya a hanya kuwa kusan babu ɗaya daga cikin waɗannan sharuɗɗa da yake samu. Abin da zai taka ba baƙi ba ne a kan fari, galibi toka-toka ne a kan toka-toka, hasken yana canzawa daga inuwa zuwa rana, kansa yana motsi, abin da zai buge shi daga gefe yake ɓullowa, kuma daƙiƙa guda ko ƙasa da haka yake da ita ya yanke shawarar inda zai sa ƙafa.

Canjin da mutane suka fi lura da shi a idonsu shi ne wanda ke zuwa wajajen shekara 40 zuwa 45, lokacin da mutum zai fara nesanta takarda daga fuskarsa kafin ya iya karanta ta. Dalili shi ne madubin da ke cikin ido, wanda a ƙuruciya yake da laushi har tsokoki ke iya lanƙwasa shi don a ga abu na kusa, yana ta ƙara tauri shekara bayan shekara. Franciscus Donders, abokin aikin Snellen, ya yi bayanin wannan tun 1864. Tabarau na karatu yana magance shi, ko da yake Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 826 ne ke fama da shi ba tare da sun sami tabaran ba. Wannan canji bai shafi tafiya kai tsaye ba, amma maganinsa ya shafe ta, kuma za a dawo kansa.

Canje-canjen da suka fi taɓa ƙafa su ne waɗanda ke zuwa a ɓoye. Tagar da haske ke bi ya shiga ido tana ƙara tsukewa da shekaru, kuma ba ta buɗewa sosai a cikin duhu kamar yadda take yi ga matashi. Madubin cikin ido yana rinewa zuwa rawaya-rawaya yana tare wani kaso na hasken. Idan aka haɗa waɗannan biyu, ƙiyasin da masana suka daɗe suna aiki da shi shi ne, hasken da ke isa tantanin bayan idon mai shekara 60 bai wuce kashi ɗaya cikin uku na wanda ke isa na mai shekara 20 ba. Ma'anar wannan ita ce, jika da kakarsa suna iya tsayawa a ɗaki ɗaya a ƙarƙashin fitila ɗaya, ga jikan ɗakin a haskake yake, ga kakar kuwa magariba ta riga ta yi. Abin mamaki kuma, idon nan da ke ƙarancin haske shi ne kuma haske mai ƙarfi ya fi damu, domin madubin da ya fara dusashewa yana warwatsa hasken a cikin ido maimakon ya tattara shi wuri guda, shi ya sa fitilar motar da ke tahowa da dare ko hasken rana a kan jiƙaƙƙen titi ke kashe wa tsoho ido fiye da yaro.

A can bayan ido ma akwai asara. Tantanin da ke karɓar haske yana da ƙwayoyi iri biyu, masu aikin rana da rarrabe launi, da masu aikin dare. Christine Curcio da abokan aikinta sun ƙirga waɗannan ƙwayoyi a idanun mamatan da aka bayar don bincike, suka wallafa a 1993 cewa ƙwayoyin ganin dare da ke kewaye da tsakiyar tantanin suna raguwa da kusan kashi 30 cikin 100 tsakanin ƙuruciya da tsufa, alhali adadin na rana bai canza sosai ba. Waɗanda suka rage ɗin ma suna jinkirin farfaɗowa bayan haske ya buge su, don haka tsohon da ya shigo daga rana zuwa inuwar gida yana buƙatar ƙarin mintuna kafin idonsa ya saba, kuma a cikin waɗannan mintuna ne yake ci gaba da tafiya kamar yana gani. Duk wannan yana faruwa ne ga ido mai lafiya, ba cuta ba ce. Cututtukan da ke yawaita da tsufa, kamar yanar ido, da hawan jinin ido wanda likitoci ke kira gilokoma, da lalacewar tsakiyar tantanin ido, da illar ciwon sukari, a kan wannan tushe suke ɗora nasu nauyin.

Akwai wani ma'auni da ya fi allon Snellen kusanci da rayuwar yau da kullum, wato iya rarrabe abu da abin da ke bayansa idan launinsu ya yi kusa. Cynthia Owsley da abokan aikinta sun nuna a 1983 cewa wannan baiwa tana raguwa a hankali da shekaru, kuma a 1988 Denis Pelli da John Robson suka fito da allon da haruffansa ba ƙanƙancewa suke yi ba, dusashewa suke yi layi bayan layi har su kusa sajewa da farin allon. Mutum yana iya cin gwajin Snellen ya faɗi wannan. Kuma bakin matakala, da ɗan tudun da ke gefen titi, da tabarmar da ta naɗe a ƙasa, duk irin haruffan Pelli da Robson ne, ba irin na Snellen ba.

Kafin a fahimci dalilin da ya sa waɗannan canje-canje ke kayar da mutum, sai an san irin aikin da ido ke yi wa jiki a tsaye. Ƙwaƙwalwa tana tsayar da mutum ne da labarai daga wurare uku: daga cikin kunne inda ake jin motsin kai, daga tafin ƙafa da gaɓoɓi da tsokoki, da kuma daga ido. A 1974 David Lee da Eric Aronson suka yi wani gwaji a Jami'ar Edinburgh da ya shahara. Suka gina ɗaki wanda bangonsa da rufinsa ke iya motsi amma daɓen yana nan daram, suka tsayar da yara masu koyon tafiya a ciki, suka ɗan tura bangon. Yaran suka riƙa tangaɗi, da yawansu suka faɗi, alhali ba abin da ya taɓa su kuma ƙasar da suke kai ba ta motsa ba. Idonsu ne ya ce musu suna faɗuwa, jikinsu ya yi yunƙurin gyarawa, gyaran ya kayar da su. Babba ya fi yaro iya tantance labarin ido da na ƙafa, amma da tsufa jin tafin ƙafa yana dushewa, na cikin kunne ma yana raguwa, sai ƙwaƙwalwa ta ƙara jingina da ido daidai lokacin da shi ma idon ya fara gazawa. A ganina wannan haɗuwa ce zuciyar matsalar, kuma ita ce ta sa duk bayanin da ya tsaya a kan ido shi kaɗai yake zama guntu.

Tafiya kanta aiki ce mai ƙaramar rata. Idan mutum yana tafiya a shimfiɗaɗɗen wuri, yatsun ƙafar da ya ɗaga suna wucewa ne da tazarar santimita ɗaya zuwa biyu kacal daga ƙasa, don haka kuskuren kimanta tsayin abu da ɗan kaɗan ya isa ya jawo tuntuɓe. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a nan kimar tasa ce ke tsakanin mutum da ƙasa. Aftab Patla da Joan Vickers sun gano a Kanada cewa mai tafiya yana kallon wurin da zai taka ne tun saura taku biyu ya isa, sa'annan ya bar gefen ganinsa na ƙasa ya ci gaba da lura da ƙafar yayin da tsakiyar ganin ta wuce gaba. Mark Hollands da Graham Chapman kuma, a Jami'ar Birmingham ta Ingila, sun lura da cewa tsofaffin da suka fi fuskantar haɗarin faɗuwa suna ɗauke ido daga wurin da za su taka tun ƙafar ba ta sauka ba, saboda hankalinsu ya tafi kan cikas na gaba, sai takun ya kauce. Wannan ba raunin ido ba ne, ɗabi'ar kallo ce, kuma fargaba tana da hannu a cikinta.

Babban binciken da aka yi a garin Salisbury na jihar Maryland a Amurka, inda masana daga Jami'ar Johns Hopkins suka bi diddigin mutum 2,520 masu shekara 65 zuwa 84 tun daga 1993, ya auna sassan gani daban-daban ya kwatanta su da faɗuwa. Abin da ya fito fili a sakamakon da aka wallafa a 2007 shi ne, raguwar faɗin gani, wato abin da mutum ke hanga ta gefe ba tare da ya juya ido ba, ita ce ta fi alaƙa da faɗuwa, ba kaifin karanta haruffa ba. Wannan ya sa gilokoma ta zama abin damuwa ta musamman, domin daga gefe take fara cin gani, ba zafi ba alama, har mutum ya yi asara mai yawa yana karanta jarida lafiya lau. Girman abin da ake magana a kai ba ƙarami ba ne: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum 684,000 ne ke mutuwa kowace shekara sanadiyyar faɗuwa, waɗanda suka haura shekara 60 ne suka fi yawa a ciki, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na masu shekara 65 zuwa sama suna faɗuwa aƙalla sau ɗaya a shekara. Ga tsoho, karayar ƙugu sau da yawa ita ce mafarin kwanciyar da ba a tashi daga ita yadda ake a da.

Mai karatu zai ce to ai magani a bayyane yake, a gyara idon. A nan ne binciken ya zo da abin da ba a zata ba. Tabarau mai hawa biyu, wanda samansa na hangen nesa ne ƙasansa na karatu, an yi ƙasan nasa ne don ganin abin da ke nesa da ido da kamar santimita 40, alhali ƙasar da mai tafiya ke dubawa tana nesa da mita ɗaya da rabi zuwa biyu. Ke nan mai sanye da shi yana kallon matakala ta sashen da ke dusasar da ita. Stephen Lord da abokan aikinsa a birnin Sidni na Ostireliya sun ba da rahoto a 2002 cewa tsofaffi masu irin wannan tabarau sun ninka sauran yiwuwar faɗuwa fiye da sau biyu. Daga baya aka yi gwaji da mutum 606, aka ba rabinsu ƙarin tabarau na hangen nesa zalla don tafiya a waje, aka wallafa sakamakon a 2010. Ga waɗanda suka saba fita, faɗuwa ta ragu da kusan kashi 40 cikin 100. Ga waɗanda ba su cika fita ba kuwa, faɗuwarsu a waje ƙaruwa ta yi.

Wanda ya fi wannan ɗaure kai shi ne gwajin Robert Cumming, shi ma a Sidni, wanda aka wallafa a 2007. Aka ɗauki tsofaffi masu rauni 616, aka yi wa rabinsu cikakken gwajin ido aka ba su abin da suke buƙata, galibi sabon tabarau, aka bar rabin yadda suke. A cikin shekara guda, kashi 65 cikin 100 na ɓangaren da aka yi wa gwajin ido sun faɗi, na ɗaya ɓangaren kuwa kashi 50. Bayanin da masana suka fi karkata gare shi shi ne, kowane tabarau yana ɗan ƙara wa abubuwa girma ko ya rage musu, yana kuma canza yadda duniya ke gilmawa idan an juya kai, kuma ƙwaƙwalwar da ta shekara da shekaru tana lissafi da tsohon tabarau tana buƙatar lokaci kafin ta sake koyon inda bakin matakala yake. Mai yiwuwa kuma wasu da suka ga ganinsu ya washe sun ƙara yawan fita fiye da yadda ƙafafunsu za su ɗauka. Darasin da likitocin ido da dama suka ɗauka ba wai a daina gyara ba ne, sai dai idan canjin ƙarfin tabarau yana da yawa ga tsoho mai rauni a yi shi mataki-mataki, a kuma gargaɗe shi game da makonnin farko.

Aikin cire yanar ido ya fi ba da sakamako mai daɗi. A gwajin da Rowan Harwood ya jagoranta a Nottingham, wanda ya fito a 2005, mata 306 da suka haura shekara 70 aka raba biyu, wasu aka yi musu aikin idon farko da wuri wasu suka jira, sai yawan faɗuwa ya ragu da kashi 34 cikin 100 ga waɗanda aka yi wa da wuri. Gwajin da ya biyo baya a kan ido na biyu bai nuna bambanci mai ƙarfi haka ba. Wani nazari na bayanan inshorar lafiyar tsofaffi a Amurka, a 2012, ya sami raguwar karayar ƙugu da kashi 16 cikin 100 ga waɗanda aka yi wa aikin, amma irin wannan nazari sai an karanta shi da taka-tsantsan, domin wanda ya iya zuwa asibiti aka yi masa aiki tun asali yana iya fin wanda bai je ba ƙarfin jiki.

A fagen tuƙin mota labarin ya sake maimaita kansa ta wata siga. Hukumomin ba da lasisi a ƙasashe da yawa allon haruffa suke dogara da shi, alhali alaƙarsa da hatsari mai rauni ce. Karlene Ball da abokan aikinta sun ɓullo da wani gwaji na kwamfuta da ke auna faɗin abin da mutum ke iya kamawa a kallo ɗaya cikin ƙiftawar ido yayin da hankalinsa ke rabe tsakanin abu na tsakiya da na gefe. A binciken da suka wallafa a 1998 kan direbobi 294 a jihar Alabama, waɗanda wannan faɗi nasu ya ragu da kashi 40 cikin 100 ko fiye sun ninka sauran yiwuwar yin hatsari sau 2.2 a cikin shekaru uku. A lura, wannan gwaji ya fi auna saurin ƙwaƙwalwa wajen sarrafa abin da ido ya kawo fiye da lafiyar idon kansa. Joanne Wood a jihar Kwinslan ta Ostireliya ta shafe shekaru tana gwada direbobi a kan titin gwaji da dare, ta nuna cewa tsofaffi ba sa hango mai tafiya a ƙasa sai sun matso kusa fiye da matasa, kuma ɗaura ƙyalle mai ƙyalli a gaɓoɓin mai tafiyar, kamar idon sawu da gwiwa da wuyan hannu, yana sa a gane mutum ne tun daga nesa, domin ƙwaƙwalwa tana da saurin gane salon motsin ɗan Adam. Ƙwace lasisi kuwa ba magani ne marar illa ba, tunda nazarce-nazarce sun nuna cewa alamun ciwon damuwa suna kusan ninkawa ga tsofaffin da suka daina tuƙi.

Wannan batu na ƙarshe ya kai mu ga wata matsala da ke cikin ma'aunin kansa. Idan faɗuwa kawai ake ƙirgawa, tsohon da ya zauna a kujera ya daina fita shi ne zai fi kowa kyan sakamako. Pradeep Ramulu na Johns Hopkins ya ɗaura wa masu gilokoma na'urorin ƙirga taku da na bin sawun wuri, ya ga cewa gwargwadon asarar ganinsu gwargwadon raguwar takunsu da fitarsu daga gida, kuma ko faɗuwar da suke yi galibinta a cikin gida ne. Ke nan babbar illar raunin gani ba lallai ta bayyana a ɗakin karaya ba, tana iya bayyana a matsayin duniyar da ke ta tsukewa, daga gari zuwa unguwa, daga unguwa zuwa tsakar gida, da rashin motsin da ke ƙara raunana tsokar da za ta tare faɗuwa ta gaba. Shi ya sa wasu masu bincike suka koma lissafin faɗuwa bisa yawan takun da mutum ya yi, ba bisa watanni ba.

Idan ido ba zai koma yadda yake ba, abin da ake kallo yana iya canzawa, kuma hujjojin da ke nan suna da ƙarfi. A gwajin da John Campbell ya yi a ƙasar Niyuzilan, wanda aka wallafa a 2005, masu shekara 75 zuwa sama da ke da raunin gani mai tsanani waɗanda ƙwararre ya ziyarci gidajensu ya gyara wuraren haɗari sun sami raguwar faɗuwa da kashi 41 cikin 100. David Elliott na Jami'ar Bradford ya nuna cewa zane mai launi dabam da aka shimfiɗa daidai bakin matakala yana taimaka wa ƙafa ta sauka inda ya kamata, amma idan aka ja shi baya kaɗan daga bakin yana iya ruɗar da mai sauka. A kan titi kuma, fitilun tsallaka hanya a wurare da yawa an saita su ne bisa gudun mita 1.2 a daƙiƙa, alhali wani nazari a Ingila a 2012 ya gano cewa kashi 76 cikin 100 na maza da kashi 85 na mata masu shekara 65 zuwa sama ba su kai wannan sauri ba, tun ma kafin a sa lissafin daƙiƙun da ido mai jinkiri ke ci wajen tabbatar da cewa motar da ke tahowa ta tsaya.